Ɗurar da Ban Yi Ba a Tamale

Ku zauna, ku ba ni kunnuwanku. Muryata za ta yi muku kama da ta mai tatsuniya, amma wannan abin da ƙafata ta taka ne, idona ya gani. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Ni mutuniyar ƙasar Kabi ce, wani ƙauye kusa da Kamba. Abu guda aka san ni da shi a garinmu, shi ne ɗura. In yaro ya ƙi kunu ya rame, uwarsa ta rasa ta yi, sai a ce a kai wa Iya Gambo. In kwantar da shi a cinyata, in kafa tafin hannuna a bakinsa kamar ƙoƙo, in zuba kunu, in toshe hancin da yatsa. Ya yi kuka, baki ya buɗe, ya haɗiye. In saki hancin ya ja numfashi, ya sake kuka, ya sake haɗiyewa. Haka uwata ta yi mini, haka na yi wa 'ya'yana da 'ya'yan rabin gari.

Autata Hadiza tana aure a Tamale, ƙasar Gana. Mijinta Alhasan mutumin Dagwamba ne. Sayen albasa ya kawo shi garinmu, suka ga juna suka so juna, ya tafi da ita. Yanzu keke mai ƙafa uku yake ja, irin wanda suke kira yalo-yalo. Ta haifi 'ya mace, aka sa mata Sanatu. Ba a yi watanni da yawa ba sai uwar mijin, Mma Azara, ta aiko ta waya: jinjira ta ƙi nono, ta ƙi komai, sun ji labarin hannuna, in zo.

Zangon farko da ya tsaya mini a rai Malanbil ne, bayan mun ƙetare kogin Kwara mun shiga ƙasar Benin. Wani ɗan sanda ya kwance ƙunshina a bakin hanya. Garin gero ne na surfa na niƙa da hannuna saboda jikata. Ya cusa wani ƙarfe a ciki yana juyawa, rabi ya zube a ƙasa. Ya ɗaga kwalbar man shanuna, ya shinshina, ya faɗi wata magana da Faransanci, 'yan'uwansa suka yi dariya, ya ajiye ta ƙarƙashin teburinsa. Na tsaya ina jira ya maido. Direba ya ce, "Iya, in man shanu kike jira, mu mun tafi."

Muka yi ta tafiya, muka yi ta tafiya, har Jugu. A can wani mai mota ya dafa ƙirji ya rantse mana har Tamale zai kai mu, ba sauka. Da muka isa Kara, ƙasar Togo, ya ce mota ta lalace, kowa ya sauka da kayansa a duba ƙarƙashi. Muna sauka ya ba ta wuta. Ban taɓa ganin lalatacciyar mota mai gudu irin wannan ba. Na zauna a kan ƙunshina a tasha, ba wanda na sani, ba harshen da nake ji. Wata mai suyar doya, da gicciye a wuyanta, ta dube ni, ta sake dubana. Ta kawo mini ruwa a buta, ta shimfiɗa mini buhu bayan rumfarta, ta nuna mini gabas da ludayin suyarta. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a har yau.

Daga nan sai iyakar Gana, sai Yandi, sai jar ƙasa da itatuwan kaɗanya, sai Tamale. Gari ne na babura. Mace da goyo a baya, da kwando a gaba, tana tuƙa babur tana gaisawa da wata. Na ce to, lalle na bar gida.

Gidan yana unguwar Tishigu, tsohon gida mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, kowace ƙofa da murhunta. Mma Azara ta tarbe ni a zaune. Doguwa ce, fatake ne iyayenta, tana jin Hausa irin tasu ta can, wadda ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne. Ba ta tambaye ni hanya ba.

"Kin zo? To. Yaron ba ya ci. Nonon uwan shi ba shi da kyau, mun gwada. Gobe da safe ki yi aikinki."

Sun tatsi nonon Auta a ƙoƙo sun jefa tururuwa, tururuwar ta mutu, sai suka hana ta shayarwa. Ban iya musu ba, mu ma haka muke gwadawa a gida. Na shiga ɗaki na tarar da 'yata ta zama kamar kara. Ta rungume ni.

Sannan na ɗauki Sanatu.

Na ɗauki jarirai a rayuwata, masu lafiya da marasa lafiya, ban taɓa ɗaukar irinta ba. Ta zube a hannuna kamar jiƙaƙƙen zane. Kai ya faɗa baya, hannuwa suka sauka, ƙafafu suka buɗe. Kyakkyawa ce, fara, da dogayen idanu da ɗan ƙaramin baki. Na sa yatsana a bakin, ba ta kama ba. Harshen ya taɓa shi ya saki. Auta ta ce yini take yi tana barci, yunwa ba ta tashe ta. In an ɗiga mata madara da cokali, sai ta zauna a baki, ta zauna, ta dawo ta hanci. Na kara kunnena a ƙirjinta, na ji yana kurkur kamar tukunyar da ta kusa tafasa.

Da safe matan gida suka taru, har da na maƙwabta. An dama koko, an tace, an kawo. Kallo suka zo yi, an gaya musu an ɗauko gwana daga Nijeriya. Na miƙe ƙafafu, na kwantar da yarinya a cinyata, na kafa hannuna. Na jira kuka.

Ku gane wannan, ku da ba ku taɓa yi ba: ɗura da kuka take tafiya. Kukan ne ke buɗe maƙogwaro, ƙarfin yaro ne ke tura kunu inda ya kamata. Yaron da ke shure-shure yana dukanki da ƙafa, shi ne ake yi wa ɗura. Na ɗan mintsine ta a cinya. Ta buɗe baki, abin da ya fito bai kai kukan ɗan kyanwa ba. Na sake. Ta lumshe ido ta koma barci, baki a sake.

Na janye hannuna. Na ce, "Wannan ba a yi mata ɗura."

"Me ya ce?" in ji wata.

"Na ce ba zan yi ba. In na zuba mata, ba ciki zai tafi ba."

Mma Azara ta tafa hannu. "Jama'a ku ji! Mun sa shi a lori tun daga Nijeriya ya zo ya gaya mana ba zai yi ba. To me kika zo yi? Kallon gari?"

"Hajiya, a kai ta asibiti."

"Asibiti! Ni na haifi tara, wanne asibiti ya ba su abinci? Ku ne kuka kawo mana wannan jinin. A gidan nan ba a taɓa haifan yaro kamar tsumma ba."

Daga ranar na zama baƙuwa ta gaske. In na ce musu "dasiba", gaisuwarsu ta safe da na koya, ba mai amsawa. Tuwona a bakin ƙofa ake ajiye shi, a tura da ƙafa saboda kaji. In na fito alwala sai hira ta koma harshen Dagwamba, ina jin "Nijeriya, Nijeriya" a tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Alhasan yana fita da asuba, ya dawo ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Na ce masa asibiti. Ya ce, "Inna, sai Mma ta yarda." Ni da Auta muka koma ɗigawa yarinya madara a gefen baki, ɗigo, a jira, ɗigo, a jira, tana zaune a ƙirjina. Hantsi ya yi, azahar ta yi, abin da ya shiga bai cika murfin kwalba ba. Na yi kewar gida a kwanakin nan har ƙamshin rumbuna nake ji a hanci.

Wata safiya Mma Azara ta yi mini magana da fara'a, karo na farko. Ta ce in kai mata masara injin niƙa, ƙafarta na ciwo. Na ji daɗi, na ɗauka sulhu ne. Na ɗauki kwano na tafi. Layi ya yi tsawo.

Da na dawo, tun daga zaure na ji muryar Auta tana ihu a cikin ɗaki, ana riƙe da ƙofar daga waje. A tsakar gida ga wata mata da ban sani ba, ƙanwar Mma Azara ce daga Changli, ta miƙe ƙafafu, Sanatu a cinyarta, hannunta cike da koko, yatsanta a kan hancin. Ba kuka. Ba komai. Na saki kwanon gari. Ban san tsohuwa na iya gudu haka ba. Na fizge yarinyar na kifa ta a hannuna ina bubbuga bayanta. Koko ya fito ta baki, ya fito ta hanci. Leɓunanta sun koma kalar toka.

Kafin la'asar jiki ya ɗauki zafi, haƙarƙari na shiga yana fita. Sai a lokacin Mma Azara ta yarda da asibiti.

A can aka karɓe ta da gudu, aka sa mata abin numfashi. Wata nas, gajeriya mai kaifin murya, ta fito tana tambaya da Hausa, "Wa ya yi ma yaron nan ɗura? Abinci ya cika huhun shi. Wa ya yi?"

Sai Mma Azara ta nuna ni da haɓa. "Wannan ne aka kawo daga Nijeriya don ɗura. Aikin shi ke nan a garinsu. Ki tambaye shi."

Nas ta juyo. "Gaskiya ne? Aikinki ne?"

Na ce, "Aikina ne a gida, amma..."

"Ya isa. Fita. Kar in ga ƙafanki a ɗakin nan."

Na dubi Auta. Tana tsaye tsakanin uwar mijinta da mijinta. Ta dubi ƙasa. Na gane. In ta buɗe baki a nan, ta ƙaryata surukarta a gaban mutane, ba ta da sauran zama a gidan, ga 'ya kwance tsakanin rai da mutuwa a ƙasar da ba tamu ba. Na ɗauki mayafina na fita.

Gindin wata bishiyar darbejiya a harabar asibitin ya zama gidana. Nan nake salla, nan nake yini. Matan da ke jinyar 'ya'yansu in sun fito shanya sai su nuna ni: ga shi can, Mai-ɗura. Wata ta tofar da yawu kusa da ƙafata. Akwai wata tsohuwa Bazabarma mai jinyar ɗanta da ya karye, ita kaɗai ke zama kusa da ni. Takan sayo shinkafa da wake a ganye ta raba biyu. Ba ta taɓa tambayata ko ni na yi ba. Takan leƙa ta taga ta dawo ta ce, "Tana numfashi." Shi ke nan abincina na gaske.

Da zazzaɓin ya sauka, likita ta ce a tara dangi duka, har da ni. Mace ce, daga kudu, ba ta jin Hausa, nas ɗin nan ce ke fassarawa tana hararata. Ta ce abin da ke damun Sanatu tare da shi aka halicce ta, tun tana ɗigon jini a ciki. Ta faɗi sunansa, sunan Turawa ne, bai zauna a bakina ba. Ta ce ba kasafai ake ganinsa ba, za su aika jininta nesa a tabbatar. Naman jikinta duka sake yake, har na harshe da na maƙogwaro. Akwai wata 'yar ƙofa a wuya da ke rufe hanyar iska in mutum zai haɗiye, tata ba ta rufewa da wuri, shi ya sa abu mai ruwa ke zarcewa huhu. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, ba dangin kowa ba.

"Nonon fa?" in ji Mma Azara.

Likita ta ce nonon uwarta ya fi komai, a ci gaba da tatsa. Ta ƙara wata magana da na ɗauka nas ce ta yi kuskuren fassara. Ta ce in abin da take zato ne, nan da 'yan shekaru yarinyar nan da ba ta san yunwa ba za ta koma ba ta san ƙoshi ba, sai an riƙa ɓoye mata tukunya. Na dubi ɗan abin da ke kwance a gado na ce Allah mai iko.

An zura mata siririyar roba ta hanci har ciki, an manne a kumatu. Ta nan nono zai riƙa shiga har maƙogwaro ya yi ƙwari. Likita ta ce ba za a sallame su ba sai mutum biyu sun koya, don uwa ba za ta iya ita kaɗai ba. Mma Azara ta ce ita ba za ta taɓa wannan abu ba. Auta ta ɗaga kai ta ce, "Innata za ta koya."

"Wannan?" in ji nas. "Bayan abin da ya yi?"

Likita ta ce a koya mini. Aka koya mini, da tsawa. A wanke hannu. A zaunar da yarinya, kai a sama. A ɗan zuƙo a duba ko robar tana ciki inda ya kamata. A zuba nonon a sirinji, a ɗaga, a bar shi ya sauka da kansa. Ranar farko na ga yana jinkiri na kai hannu zan taimaka masa, nas ta doke mini yatsu kamar yarinya. "Ba a turawa! Ki riƙe kawai!" Na riƙe. Da furfurata na tsaya ana dukan hannuna a ƙasar mutane, na riƙe. In an gama a rungume ta a tsaye a ƙirji, kada a kwantar, har abincin ya zauna.

Muka koma Tishigu da roba a hanci. Sati ya zagayo, wani ya zagayo, wuyan hannun Sanatu ya fara yin layi irin na jarirai. Nonon Auta ya dawo har yana jiƙa riga. Ba wanda ya ce madalla. Matan gida in sun wuce ƙofarmu sai su kau da kai, wata ta ce gawa ce ake toshe wa hanci.

Sai bikin ƙanen Alhasan ya zo. Gida ya cika tun safe, makaɗa a ƙofa, tukwane a kan wuta, baƙi daga ko'ina. Auta na wurin girki, an sa ta tuƙin tuwo. Na zagaya bayan gida, ban daɗe ba. Na dawo na tarar da Mma Azara a ɗakinmu, robar a hannunta tana lilo, kumatun yarinya ya yi ja inda aka ɓalle mannen.

"Baƙi ba za su ga jikana da igiya a hanci kamar san noma ba," ta ce. "In biki ya wuce a maida. Kwana biyu ne kawai. A ba shi koko da cokali kamar kowane yaro."

Na gama magana a gidan nan. Sanatu ba ta goyuwa a baya, kanta ba ya tsayawa, sai na ɗora ta a ƙirjina na ɗaure da zane, na tallafi ƙeyarta. Na fito tsakar gida, cikin mutane, na tsaya a gaban murhu.

"Auta, zan kai ta a maida mata. Ni ban san hanya ba, amma zan tambaya."

Mma Azara ta fito bayana. "In Hadiza ya bi ki ya fita ƙofan nan yau, ranan bikin ɗana, kar ya dawo!"

Kiɗa bai tsaya ba, amma matan da ke kusa sun juyo suna kallo. Auta tana riƙe da muciya, tuwo na huci a fuskarta. Ta dube ni, ta dubi ƙeyar 'yarta. Ta jingina muciyar a bakin tukunya a hankali, kamar mai shirin dawowa, ta goge hannu a zane, ta wuce gabana. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Muka kama titi, rana a tsakiyar kai, babura na wuce mu ta ko'ina. Mun yi nisa, ƙafafunta sun fara ƙuna a kan kwalta, sai wata yalo-yalo ta sha gabanmu ta tsaya. Alhasan ne, da babbar rigar biki.

"Ku hau."

Muka hau. Ya miƙe da mu asibiti. Nas ɗin nan ce a bakin aiki. Ta ga hancin ba roba, ta dube ni. "Ke kuma?" Na buɗe baki, Alhasan ya riga ni. Ya yi mata magana da harshensu, doguwa, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ba ta ba ni haƙuri ba. Amma da ta gama zura sabuwa, ni ta miƙa wa sirinjin.

Da muka fito bai juya wajen Tishigu ba. Ya miƙe kudu, zuwa Dungu, inda wani abokinsa ke da ɗaki ba kowa. A hanya ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Inna, na san ba ke kika yi ɗuran nan ba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar."

Na dubi bayan wuyansa. Na tuna gindin darbejiya. Na gyara wa yarinya zane, tana barci a ƙirjina, kuma shi ke riƙe da kan keken.

Damina guda na yi a Dungu, gonata a gida ta tashi ba shuka. Ban taho ba sai da aka cire robar da hannun likita, Sanatu na zaune an tokare ta da matasai, tana karɓar kunu mai kauri a bakin ƙaramin cokali, ta haɗiye, ta huta, ta sake buɗe baki. Sakamakon jinin ya zo, abin da likita ta zata ne. Sauran hanyar tana gaba, Allah ne ya san tsawonta.

Mma Azara ba ta zo sallama ba. A Tishigu har gobe labarin da suka sani shi ne wata tsohuwa ta zo daga Nijeriya ta kusa kashe musu jika, ta kuma raba ɗa da gidan uwarsa. Ranar da zan taho, a tasha, wata daga cikin matan gidan ta hango ni ta ɗaga murya don mutane su ji: "Mai-ɗura! Za a koma?"

Na ce, "Za a koma. Yarinya tana gaishe ku."

Nan na tsaya. Wanda ya ji, ya sa Sanatu a addu'a.